Motar da Inna ta ci da sunana

Shekarun baya can, lokacin ina tuzuru a gidan iyayena a unguwar Rusaifa, nan Makka, na taɓa cin mota a ƙuri'ar wani babban kanti. Na sha ba da labarin nan, amma rabi nake bayarwa, rabin da na fito a mutumin kirki. Yau da na ga kuna ta musu kan ko ya dace a ɓoye sunan wanda ya ci irin wannan kyauta, sai na ce bari in kawo muku shi gaba ɗaya.

A saman benen da muke haya akwai wata dattijuwa, duk gidan Inna muke ce mata. Daga wajen Katsina ta zo aikin hajji tun ina rarrafe, ta zauna. Ba ta da iƙama, wato takardar zama, ba ta da kowace irin takarda. Abinci take dafawa a ɗan ɗakinta, tuwon shinkafa da miyar kuka, ɗanwake ranar Juma'a, mutanenmu suna aikowa su saya. Kowa a gidan ya san halin da take ciki, kowa kuma ya kama bakinsa. Ni haifaffen nan ne, takarduna lafiya lau, ban taɓa jin gabana ya faɗi don an ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Inna a wani kanti da ke unguwar Shisha take sayo buhunan shinkafa da mai. In ka yi sayayya mai yawa sai su ba ka ɗan kati da suke ce wa kubon, ka rubuta sunanka da lambar takardarka, ka jefa a akwati. Ita ba ta da lambar rubutawa. Sai ta tara su a bakin mayafi ta kawo mini.

"Ɗan nan, rubuta naka, kada su tafi a banza."

Ina rubutawa ina dariya, in na bi ta can in jefa. Wallahi ban taɓa sa rai ba.

Rannan ina shagon sayar da wayoyi inda nake aiki, sai ga kira. Mutumin kantin ne, ya ce mabruk, wato barka, katina ne ya fito, mota ce sabuwa fil. Ranar Alhamis bayan la'asar za a miƙa mini makulli a gaban jama'a, a ɗauki hoto da bidiyo, a sa a shafinsu. Ni da ko keke ban taɓa mallaka ba! Kafin in isa gida na biya wajen wanzami, na kuma sayi sabuwar jallabiya. Har jawabi na tsara a cikin tasi.

A guje na hau sama. Na tarar da Inna tana tuƙa tuwo.

"Inna, katinki ya ci mota! Taki ce, ni ko taya ba na so. Ranar Alhamis tare za mu je, in kama hannunki a gaban kyamara in ce ga mai ita. Duk Makka sai ta san tuwonki."

Ta ajiye muciyar a hankali. Ta ce, "Hoto kuma?"

Na ce ƙwarai kuwa. Sai ta ce Allah ya sanya alheri, ta ci gaba da tuƙinta. Ni sarkin wauta na sauko ina cewa daɗi ne ya hana ta magana.

Washegari babu ƙamshin daddawa a matakala. Masu zuwa sayen abinci suka riƙa saukowa da kwano wayam. Na leƙa, sai na ga Inna ta kife tukwanenta tana ɗaure su a tsohon zane. Na sauko na tambayi mahaifiyata ko rashin lafiya ce.

Kai, ranar na sha faɗa.

"Rashin lafiya? Kai ne ciwon! Matar da ko a wajen biki ba ta yarda a ɗauke ta hoto, ita za ka kai gaban kyamara? Unguwar Jarwal za ta gudu, wajen wata ƙawarta, kafin ka tona mata asiri."

Na ce to shi ke nan, ni kaɗai zan je, ba zan ambace ta ba.

"Kai kaɗai? Wa ye bai san ko gishiri ba ka saye a kantin nan ba? Wa ye bai san mai sauke buhuna a ƙofar gidan nan ba? Fuskarka na fita, kafin magariba an ce ai katin Inna ne. Jama'a su cika matakala da barka, kowa da buƙatarsa. Wanda aka ba kaɗan ya raina, wanda ba a ba ba ya yi fushi. Waya ɗaya mai fushi zai buga. A zo a tafi da ita tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a sa ta a jirgi da zanen jikinta, bayan duk shekarun nan. Wannan ce kyautar taka?"

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na hau sama na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, ki kwance kayan nan, ki ba ni zuwa gobe."

Da safe na tafi kantin, cikin tsohuwar jallabiyata. Manajan wani dattijo ne Balarabe mai furfura a gemu. Na ce ina roƙon arziki, kada a faɗi sunana, kada a nuna fuskata.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, in ba mu nuna wanda ya ci ba, gobe za a ce ɗan'uwana na ba. Hoton nan shi ne shaidarmu."

Gaskiya ya faɗa, ban da abin musu. Na tsaya ina tunanin motar, fara ce, na gan ta a bakin ƙofa an ɗaura mata jan ƙyalle. Sannan na ce, "To a sake ƙuri'ar. Na yafe."

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Bashi ake bin ka?"

"A'a."

"Laifi ka yi?"

"A'a. Akwai dai wanda hoton zai cutar, kuma ba ni ba ne."

Na jira ya tambaye ni wane ne. Da ya tambaya, ban san me zan ce ba. Bai tambaya ba. Ya ɗan buga biro a tebur, ya ce ba ni ne na farko da ya zo masa da irin wannan fuskar ba. Ya ce zan sa hannu a gaban shaidun da suka halarci ƙuri'ar, su ga takardata da idonsu, sunana ya zauna a fayil don duk mai ikon bincike. A shafinsu kuwa lambar katin kawai za a sa, da hoton hannu yana karɓar makulli.

Haka aka yi. Askin da na yi ya tashi a banza, hannuna kaɗai duniya ta gani. Abokina ma ya nuna mini hoton a wayarsa yana cewa wasu dai da sa'a aka haife su, na ce wallahi kuwa.

Motar ko gida ban kawo ta ba. Na sayar, na kai wa Inna abin da aka samu, mahaifiyata na zaune. Ta yi kuka, ta yi mini addu'a har na rasa inda zan sa kaina. Ranar Juma'a ɗanwake ya dawo, ba wanda ya san an yi wani abu.

Shi ya sa in ana wannan musu nake yin shiru in saurara. Masu cewa a bayyana suna don a san ba a yi maguɗi ba, suna da hujja. Amma a tabbatar wa shaidu daban, a baza fuskar mutum a wayar kowa daban. Ba ka san wa ke tsaye a bayan wanda ya ci ba. Har yau ina gode wa Allah da ya ba ni uwa mai faɗa, ina kuma yi wa dattijon nan addu'a saboda tambayar da bai yi ba.

Inna ta ƙara wasu shekaru tare da mu. Ta aika aka gina mata ɗaki biyu a garinsu, a hankali, ba hayaniya. Da aka yi wani sassauci ga masu son komawa gida, ita da kanta ta ce lokaci ya yi. Ta yi ɗawafin bankwana, ta bi gida gida ta sallami kowa. Ni na raka ta filin jirgi a Jidda. Da aka kira su, ta riƙe hannuna gam, ta ce, "Ɗan nan, da ƙafata na zo, ga shi da ƙafata zan koma. Ba wanda ya tasa ƙeyata."

Na tsaya ina kallonta har ta shige, ba ta waiwayo a tsorace ko sau ɗaya ba.