Abin da MP3 Ɗina Ya Ɗauka

In aka tambaye ni ko MP3 ɗin nan yana da kyau, zan ce yana da kyau. Bai fi kwalin ashana girma ba, pil ɗaya, wato batir, ke tashinsa, kuma yana ɗaukar murya tsaf, har numfashin mutum. Da ma bai iya hakan ba.

Kawuna ne ya kawo mini shi tsaraba daga Lome, shekarar da soja suka karɓi mulki, damina kuma ta ƙi. A shekarar ce Kaka ta baro ƙauyensu can wajen Tawa ta dawo gidanmu a birni, unguwar Wadata, bayan awakinta sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara.

Bayan magariba, in an ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan, sai ta jawo tabarma kusa da murhun gawayi ta ce in zo. Kaka tana da ƙa'ida. In tatsuniya ta kai wurin waƙa sai ta tsaya, mai sauraro ya yi amshi, sannan ta wuce. In ba a amsa ba, ko taku ɗaya ba ta ƙarawa. Ni kuwa lokacin ina lakwal, 'yar boko, ina jin kaina, ekuter na jin waƙa kullum a kunne.

"Takwara, cire igiyar nan, sai ka ce akuya a turke."

"Ina jin ki, Kaka."

"To mi na ce?"

Ran nan na ƙosa, ga fim ana yi a telen maƙwabta masu injin wuta. Na ce mata, "Abin nan yana riƙe magana. Ki faɗa masa, in na dawo in ji."

Ta juya shi a tafin hannunta. "Yana amshi?"

"Yana yi mana."

Na danna, na ajiye shi kan tabarma, na fice. Da na dawo ta yi barci a zaune, pil ɗin ya mutu. Na sa sabo na ci gaba da jin waƙoƙina. Da ruwa ya sauka ta koma gida shuka, ba ta ga kakar shekarar ba, Allah ya yi mata rasuwa. Sai bayan sadakar arba'in na buɗe abin da ya ɗauka.

Labarin wata yarinya ce da aka ba ajiyar irin gero cikin tulu a shekarar yunwa, aka ce kada ta buɗe sai hadari ya taso. Kowane maraice kurciya na zuwa bakin bukka tana roƙon ƙwaya ɗaya, ta ce 'ya'yanta ba za su kai damina ba. Kaka ta rera waƙar kurciyar, ta tsaya.

Sai ƙarar gawayi. Wani babur ya wuce. Ta sake rerawa, a hankali wannan karon, yadda ake yi wa yaron da bai gane ba.

"To amsa mana, ɗan ƙarfe." Ta yi 'yar dariya. Can ta ce, "Takwara?" Ta jira. "A bari ta dawo."

Daga nan numfashinta kawai ake ji, har pil ya ƙare.

Na tambayi Inna, ta ce ta manta ƙarshen tun tana yarinya. Na tambayi 'yan Tawa da ke kasuwa, kowa da tasa kurciyar daban. Ni na ɗauka tatsuniya kamar hatsi ce, a zuba a rumbu a ɗiba ran da aka ga dama. Ashe Kaka ba wurin ajiya take nema ba. Matar da ta rasa garkenta, ta zo birnin da ba ta san kowa ba, mutum ɗaya take so ya zauna ya ce mata yana nan.

Amshin ba wuya gare shi ba, kalma huɗu ce, na sani tun lokacin. Wani sa'in in na kunna MP3 ɗin, Kaka ta kai wurin, nakan faɗe shi da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Ba ta ci gaba. Har yau ban san ko yarinyar ta buɗe tulun ba.