Kan Injin da Ba a Tambayi Baba Ba

A gidanmu na Morris Heights, wata unguwa a Bronx ta Amurka, babu murhu, babu tsakar gida. Abin da muke da shi wani tsohon ƙarfen ɗumama ɗaki ne a gindin tagar falo, wanda in sanyi ya shigo yake huci yana ƙwanƙwasa. A gefensa Kaka Hajo, mahaifiyar babanmu, ta kafa kujerarta tun da aka kawo ta daga Gaya, ta bakin kogi a kudu da Yamai. Ta ce wutar Nasara ce, babu haske babu ƙanshin itace, amma tunda tana gasa ƙafa za a zauna da ita haka. Da an idar da magariba ni da ƙanena Nasiru sai mu zauna gabanta a kan darduma. Jirgin ƙasa mai lamba 4 zai wuce can sama a kan gadarsa yana girgiza gilashin taga, ta jira shi ya gama haukansa, sannan ta ce, "Ga wata ta taso daga bakin kogi, wa zai tare ta?" In ce mu ne. Nasiru ya amsa da Turanci, ta harare shi, ta ci gaba.

Tatsuniyoyinta duk na ruwa ne: masunta, dorina, kadan da ya auri 'yar mai wanki. Kuma kowacce da sauƙi take ƙarewa, ko da an sha wuya a tsakiya. Guda ɗaya ce ba ta ƙare haka ba, ita ce kuma har yau ban manta ba.

A 2011 ne, ina da shekara goma sha uku. Babanmu direban tasi ne, amma kafin ya zo Amurka kanikanci ya koya a Yamai. Yana da wata tsohuwar motar Amurka ta farkon shekarun saba'in, mai silinda takwas da dogon hanci, wadda ya tsinta tana ruɓewa a bayan gidan wani dattijo. Ya ajiye ta a garejin abokinsa Malam Awudu, mutumin Kumasi, ya kwance injin gaba ɗaya, yana haɗa shi sannu a hankali duk ranar da ba ya aiki. Ni yake ɗauka mu tafi, don Nasiru ba ya son baƙin mai a hannunsa.

Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne kan inji, wanda yake kira kulas kamar yadda kanikawan Yamai ke faɗa. Ƙarafa ne guda biyu masu nauyi da ake kifawa a saman silinda. Ta cikinsu iska da fetur suke shiga, ta cikinsu hayaƙi yake fita. Ya daɗe yana nema, an kawo masa kala-kala yana mayarwa, har ya samu wasu tsofaffi na baƙin ƙarfe masu matsattsun hanyoyin iska. Ya kama yatsana ya sa a ramin ɗaya, ya ce in mutum zai hura wuta, siririn bututu ya fi ba iska ƙarfi. Masu faɗin rami na 'yan tsere ne, sai inji ya yi ta kururuwa suke aiki. Shi mota yake so wadda za ta tashi daga danja a natse, ta hau tudun Bronx ba gardama, ta kai mahaifiyarsa ta ga teku ba tare da ta karkaɗa mata haƙora ba. Da hannunsa ya wanke su, ya goge, ya naɗe su a tsohon bargo.

Bai kai ga ɗora su ba. Cikin sanyin nan ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya koma zama a falo kusa da Kaka. Hankalinsa na nan daram. In Nasiru ya yi tuntuɓe a karatun sura, Baba zai buga hannun kujera har sai ya gyara. Magana ce kawai take fitowa da ƙyar, kalma ɗaya sai an jira ta. Mu da muke jira muna gane shi sarai.

Baba Lawali, ƙanensa, ba mai jira ba ne. Yana da shagon jakunkuna da kayan waya a Fordham Road. Kuma ba mugu ba ne, wannan shi ya fi ƙona mini rai. Ranar da lifta ta lalace, shi ya goya Baba ya hau da shi bene har ƙofarmu. Shi yake kai shi ganin likita. Sai kuma ya ƙudura a ransa zai ƙarasa motar, wai in yayansa ya gan ta tana tafiya zai samu ƙarfin zuciya. Ya je ya haɗu da wasu samari masu tseren mota, suka ce masa baƙin ƙarfe kayan da ne, yanzu alminiyam ake yayi, mai ramukan da hannun yaro zai shige.

Ya zo da hoton sabon kulas ɗin a wayarsa, abin na ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Ya kai bakinsa kunnen Baba yana ɗaga murya, kamar ciwon a kunne yake. Baba ya dubi hoton, ya girgiza kai, ya ɗaga hannun hagu yana kokawa da harshensa.

"Kun gani ko?" in ji Baba Lawali. "Murna ta hana shi magana."

Na ce masa a'a Baba yake cewa, akwai waɗanda ya zaɓa suna cikin bargo a gareji. Ya ce in tashi in je in yi aikin makaranta, yaran da aka haifa a ƙasar nan ba su san ana maganar manya ba. Mama ta yi mini ido in yi shiru, don tana tsoron ɓata wa mutumin da yake tsaye a kanmu. Kaka da kanta ta kira shi ta ce ya tambayi mai abu. Ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Inna, wannan zancen ƙarfe ne, ki bar mana shi."

Ba ta sake ce masa komai ba sai wata Juma'a da ya tsaya cin tuwo bayan magariba. Ta kira mu wurin ƙarfen ɗumama ɗaki kamar kullum, amma ba mu take kallo ba.

Ta ce an yi wani masunci, Tanko, mai ɗan ƙaramin jirgi da ya sassaƙa da kansa. Jirgin ba shi da kyan gani, amma yana shiga duk lungun da kifi ke kwana. Wata rana ciwo ya kama Tanko, ya ɗauke masa harshe. Yana da ƙanne uku masu sonsa ƙwarai. Suka taru suka ce mutum kamar yayansu bai dace da wannan ɗan jirgi ba. Suka sare wa jirgin goshi, suka samo kan wani babban jirgin fatake mai zuwa Yawuri, mai zane da fenti, suka kafa masa. Tanko na zaune a inuwa yana gani. Ya kaɗa hannu, suka ce yana sa musu albarka. Ya jefe su da ƙwaryar furarsa, suka ce so yake a ƙara fenti. Ya zubar da hawaye, suka ce kukan daɗi ne. Ranar da aka gama, gari ya fito da kiɗa, suka ɗauke shi cak suka zaunar a ciki, suka tuƙa. Da aka kai tsakiyar ruwa kai ya rinjayi jiki, jirgi ya yi nutso. Ƙannen duk sun iya iyo, suka fito. Suka shimfiɗa tabarma suna karɓar gaisuwa, mutane na cewa ba a taɓa ganin zumunci irin nasu ba.

"Har gobe," in ji Kaka, "in za a yabi 'yan'uwa a garin nan, sunansu ake kira."

Nasiru ya tambaya da Turanci ko wani kifi bai zo ya ceci Tanko ba, don a tatsuniyar Kaka kullum akwai mai zuwa.

"Wa ya ji shi, balle ya zo?" ta ce. "Ta koma kogi. Ku tashi ku yi alwala."

Baba Lawali ya wanke hannu bai cinye tuwon ba, ya yi sallama fuskarsa a ɗaure. Ya gane, babu shakka ya gane. Amma bai fasa ba. Daga baya Malam Awudu ya gaya mana tun kafin ranar an riga an ba masu gwangwan kulas ɗin Baba, har da bargon. Ya ce ya roƙi a dakata, aka ce masa iyali sun yanke shawara. Iyali! Mai motar yana zaune a falo, ba a nisan duniya ba.

Da zafi ya shigo aka kawo motar, wata Lahadi bayan azahar. An yi mata jan fenti. Tun daga kwanar layi muke jin ƙararta, sai ta mutu, aka sake tayarwa, ta yi 'yar tafiya tana shessheƙa ta sake mutuwa. Da ta tsaya ƙofar gini duk jikinta rawa yake, Baba Lawali na ta taka totur don kada ta ɗauke. Mutanen masallaci sun taru suna sam barka. Aka sauko da Baba a keken marasa lafiya. Ya rufe ido ya saurari injin, sannan ya nuna a buɗe gaban motar. Ya daɗe yana kallon alminiyam ɗin nan.

Da suka zo ɗaga shi su sa a mota, ya damƙe tayar keken da hannun hagu. Wani ya ce daɗi ne ya yi masa yawa. Kaka ta buga sandarta a ƙasa ta ce duk wanda ya sake buɗe baki ba ta yafe ba. Aka kashe injin. Baba ya yi ta fama, jijiyar wuyansa ta tashi, yawu na zuba, ba wanda ya motsa. Sannan ta fito, kalma bayan kalma.

"Lawali. Ban mutu ba."

Baba Lawali ya fashe da kuka yana cewa don shi ya yi. Sai ga dattijan masallacin sun kewaye shi suna ba shi haƙuri. Shi! Wani har yana cewa haka ciwon yake, yana sa mutum faɗa, kada ya sa a ransa. Ni da Kaka muka tura keken Baba muka koma ciki, babu wanda ya juyo. Motar ta koma gareji aka lulluɓe ta da tamfol. Kaka ba ta ga teku a cikinta ba. Bayan 'yan shekaru ta ce a mayar da ita Gaya, a can ta rasu.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kan jirgi take magana, wato a sa wa abu kan da ya fi ƙarfin jikinsa. Baba ya yi gaskiya a nan, injin bai taɓa lafiya ba. Amma yanzu da nake aikin jinya a sashen masu shanyewar jiki, na san ba wannan ya tayar wa Kaka hankali ba. Kusan kullum ina ganin 'ya'ya da ƙanne, mutanen kirki, sun tsaya a kan gadon mutum suna tsara masa abin da zai ci da inda zai zauna, shi kuma yana bin bakinsu da ido. In na ce su tambaye shi, sai su dube ni kamar na zage su. Mugu dai an san yadda za a yi da shi. Mai yi maka alheri ba tare da ya saurare ka ba, in ka yi ƙorafi kai ne butulu.

Shekarar da na fara aiki na ji labarin wani a New Jersey yana da kulas na baƙin ƙarfe irin waɗanda aka zubar. Na karɓi hoto na kai wa Baba, na ce in yana so zan ɗauko, Malam Awudu ya ɗora. Ya kalla har na zaci ya yi barci. Sannan ya ce a'a. A hankali ya fahimtar da ni a sayar da motar, ba ita yake so ba yanzu. Gida yake so, ya ga kabarin mahaifiyarsa.

Labari ya kai kunnen Baba Lawali, washegari sai ga shi da waya a hannu. Tun daga bakin ƙofa yake gaya mini ya san jirgin da ya fi sauƙi, ya san watan da ya kamata, ya ma fara magana da wanda zai tarbe su a Yamai.

Na jawo kujera na ajiye gaban Baba. "Baba Lawali," na ce, "ga shi nan zaune. Tambaye shi."

Ya tsaya yana kallona, gashinsa duk ya yi fari yanzu. Na ci gaba da riƙe kujerar har ya zauna. Ya sa wayar a aljihu, ya ce, "Yaya, yaushe kake so?"

Muka jira. Baba ya ce bayan damina, lokacin da kogi ya cika.