Zobon da Na Zubar Ranar Suna

Shekarun baya, lokacin da maigidana yake karatu muna zaune a Pantai Dalam, wata unguwa a ƙasar Malayu, ni ce mai haɗa abin sha a duk taron matanmu. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne, zaman gida ne ya ishe ni, sai na mayar da kicin wurin gwaje-gwaje.

Wata rana a wani gidan abinci aka kawo min lemo mai daɗi, zaƙi a gaba, ɗan ɗaci a baya. Na tambayi mai haɗawa, ya ce orange bitters ne, ruwan ɗacin ɓawon lemo, ɗigo kaɗan ake sawa. Ina komawa gida na yi odarsa ta waya, ko bayanin ban tsaya karantawa ba.

Ranar sunan ɗiyar ƙawata na tashi da wuri na dafa zobo, ragowar wanda mahaifiyata ta aiko min daga Kano. Na tace, na ɗiga ruwan ɗacin nan, ƙamshi ya cika kicin. Na ɗauko cokali zan ɗanɗana ke nan, maigidana ya shigo ya ɗaga 'yar kwalbar.

"Kin duba bayan kwalbar nan kuwa?"

"Me ya faru?"

"Akwai giya a ciki."

Ashe iri biyu ne. Na gidan abincin babu giya, ni kuwa na masu haɗa barasa na sayo.

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In leƙa bokitin zobon, in fita falo, in dawo. Na kira ƙawata, ta ce, "'Yar'uwa, ni dai mutane sun fara zuwa, ki yi yadda za ki yi." Zuciyata tana cewa ɗigo ne kawai, wa zai sani? Amma na san da hannuna zan miƙa wa matan da suka yarda da ni.

Na tuttule zobon a wurin wanke-wanke, maigidana ya kawar da kai. Na zari mayafi na sauka kedai, shagon ƙasan benenmu, na sayo lemon zaƙi da sirap, jan ruwan sukarin nan na Malayu. Na goge ɓawon, na tafasa da citta da kanumfari, na zuba sirap ɗin a kai.

A wurin sunan wata Hajiya ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Ke 'yar nan, wannan zobon wace ƙasa ne?" Kafin in ba ta amsa ta miƙo kofi. "Ƙaro min."

Tun daga ranar ba na sayen komai sai na juya bayansa, har yarana suna min dariya a kanti. Lemon da na haɗa cikin gaggawa kuwa shi ake nema a wurina yanzu. Amma duk lokacin da ake yaba shi, wancan zobon nake tunawa. Har yau ban san yadda ɗanɗanonsa yake ba.