Hancin Akori-kura

Akori-kurar da maigidana ya rasu ya bar mini ta girmi ɗiyata ta fari. Ita ke kwaso shinkafarmu daga fadamar Kaoje zuwa kasuwar Tsamiya, can bakin iyakar Binin, ita ke ci da marayuna. Ni ban iya tuƙi ba. Ƙanena ke jan ta, wanda muke ciki ɗaya, wanda na goya har bayana ya saɓule.

Daminar da na shiga ajin yaƙi da jahilci motar ta fara iskanci. Muddin ana taka totur, lafiya lau take gudu. Da an sassauta, a shingen jami'ai ko a gaban garken shanu, sai ta yi kakari, ta jijjiga, ta mutu, baƙin hayaƙi na tuttuɗowa daga salansa. Aka ce man bumburutu ne, muka bar sayen na kwalba. Aka sake fulogi, aka wanke tanki. Ko a jikinta.

A Bagudo wani tsohon bakanike ya buɗe bonet, ya nuna mini wani ɗan baƙin abu a jikin bututun da ya fito daga matatar iska.

"Hajiya, wanga shi ne hancinta. Sensa. Shi ka gaya ma inji yawan iskar da ta shigo, inji ya auna mai daidai. In ya lalace sai ta sha mai hiye da ƙima, ta shaƙe."

Ya ɗaura sabo. Ƙanena ya tafi neman abinci, ni ce tsaye a kansa. Mu mata in za mu ba da aron kwanuka gidan biki, fenti muke ɗigawa a gindinsu don kada su bi wasu. Nawa ja ne, ɗigo biyu, kuma kwalbar ba ta barin jakata. Na sunkuya na ɗiga a ƙarƙashin sensar.

"Mota ta koma langa ke nan?" in ji shi, yana dariya.

"Duk abin da na saya kwano ne," na ce.

Ta yi lafiya har kaka, sannan ciwon ya dawo ya fi na da. Ƙanena ya zauna a tabarmata, ya kwantar da murya.

"Adda, wagga mota ta gaji. Ki rabu da ita tun tana da mai so. Surukina ya ce don zumunci zai karɓa haka nan."

Surukin nasa yana da irinta sak. Na kusa yarda. Amma zuciya ta ɗebe ni, na sa aka ja motar zuwa Bagudo don in wanke bakaniken tas kan ya sa mini jabu. Ya kwance sensar, ya juya gindinta. Tsohuwa ce, ta tsage, an like ta da gam. Ba ɗigon ja ko ɗaya.

Ranar kasuwa na tarar da motar surukin a tashar Tsamiya, injinta na gurnani a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Ƙanena na jingine da ita yana shan rake, surukin na zaune a ciki.

"Alhaji, buɗe min bonet."

"Lahiya, Hajiya?"

"Buɗe, ko in tara maka kasuwa."

Ya buɗe. Na duƙa na leƙa gindin sensar. Ga fentina.

"Aro ne, Adda," in ji ƙanena, rake a hannu. "Aro na ba shi."

"Aro? Ranar da ta mutu a lakar fadama na tuɓe takalmi ina turawa, kana zaune kan kujera kana cewa Adda ƙara ƙarfi, ashe ka san inda hancinta yake? Ka shaƙe ta da hannunka don in sayar masa a banza?"

Ya dubi ƙasa. A gaban 'yan dako aka kwance kayana aka miƙo mini.

Da na isa gida Innarmu ta riga ta ji. Ta ce in rufa masa asiri, in bar masa tuƙin, da shi yake ci da iyalinsa.

"Inna, nawa 'ya'yan da mi za su ci in ta tahi?"

Ƙanena na tsaye a bakin ƙofa. Na miƙa masa hannu, ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a ƙasa, bai ba ni a hannu ba. Na ɗauka na ƙulle shi a bakin zanena. Wani bare ke jan motar yanzu, ni kuma ina zaune a gaba.