Ba a Tsayawa a Hawa

A bayan ƙofar ɗakin Baba akwai wani guntun katako mai kusurwa uku, baƙi ƙirin da man inji, gefe ɗaya ya cinye saboda cizon taya. Waigi ne, abin da ake tokare tayar babbar mota da shi don kada ta gangara. Yanzu ƙofa muke tokarewa da shi. Jikoki sun sha ɗauka za su yi wasa, ni nake karɓewa in mayar. Ni ce auta, ni na rage a gida, kuma ni aka fi ba labari, don haka ni zan rubuta yadda katakon nan ya je dutse ya dawo.

Baba direban tirela ne tun kafin a haifi babban yayanmu. A gareji ba mai kiransa da sunansa, Sai-Mun-Kai ake ce masa. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san dalili. Ka ce kana jin ƙishi, sai mun kai. Ka ce cikinka na murɗa, sai mun kai. Ba mugunta ba ce. Hanyarsa ta bi ta kan duwatsu, kuma tirela mai cikakken lodi idan ta tsaya a tsakiyar hawa, ba lallai ta sake tashi ba, baya take komawa da duk abin da ke kanta. Ya taɓa ganin hakan da idonsa yana saurayi, motar wani abokinsa ce, kuma bai taɓa faɗa mana yadda aka fito da mutumin ba. Abin da ya ɗauko daga wurin magana ɗaya ce, ya raine mu da ita: ba a tsayawa a hawa. Ko aikin makaranta muka fara, da ita yake hana mu tashi.

Inna kuwa tela ce. Kekenta na bakin taga, inda haske ya fi. Direba take kiransa, shi kuma ya ce mata Abokiyar Sana'a, wai ita ma wuni take tana taka feda, sai dai motarta ba ta taɓa barin tasha ba.

"Tawa dai ba ta taɓa kwana a daji ba," in ji ta.

Duk dawowarsa sai ya ba ta labarin wata kwana da ke tsakiyar hawan dutsen. Wai idan ka sha kwanar, duniya ce take buɗewa a ƙasanka: gonaki, kogi, garuruwa ƙanana kamar an watsa maɓallai. Tana jin sa ba ta ɗaga kai daga ɗinki.

"To yaushe za a kai mu mu gani?"

"Bari yaran nan su gama makaranta."

Yara suka gama, aka ce bari a aurar da Yaya. Aka aurar, aka ce bari Baba ya ajiye aiki. Inna da kanta take ƙarasa masa, "Na sani, sai mun kai," su yi dariya.

Ya ajiye aiki da gwiwa mai ciwo. Ba a daɗe ba Inna ta fara miƙo min allura in sa mata zare. Daga nan ta fara buge kofi da gwiwar hannu, tana cewa wa ya ajiye shi nan, alhali ita ta ajiye. Ni na raka ta asibiti. Likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ganinsa zai yi ta tsukewa daga gefe har ya rufe. Magani zai rage gudun abin, amma ba zai tsayar da shi ba. A hanyar gida ta ce min, "Kamar ina leƙen duniya ta kafar allura."

Da yamma ta rufe keken da zanensa, ta juya wajen Baba.

"Direba, dutsen nan naka. In za ka kai ni, ka kai ni da sauran idona."

Bai ce sai mun kai ba. Tashi ya yi ya tafi gidan Yaya aron mota.

Motar Yaya ƙarama ce, kuma Baba bai taɓa ɗaukar ƙananan motoci da daraja ba. Ya zagaye ta yana bubbuga tayoyi da ƙafa, ya buɗe gaba ya duba ruwa da mai, ya shiga ya ce shi dai ji yake kamar an zaunar da shi a ƙasa. Sannan ya koma ɗaki ya fito da waigi ya sa a but.

"Baba, wannan ai tana da birkin hannu," in ji Yaya.

"Ta abokina ma tana da shi."

Na shirya musu shayi a filas, da burodi, da dafaffen ƙwai, da maganin ɗiga na ido. Inna ta sa rigar da ta ɗinka wa kanta tun bikin Yaya. Tunda Baba ya aure ta ba su taɓa fita su biyu kaɗai zuwa inda ba biki ba, ba rasuwa ba. Da za su fita daga layinmu Baba ya buɗe kwana sosai, kamar yana jan dogon jiki a bayansa, har ya kusa taɓa teburin mai gyaran takalmi. Inna ta leƙo ta taga tana dariya, tana ɗago mana hannu a wajen da ba ma tsaye.

Abin da ya faru a hanya daga bakinsu biyu na ji, kowa daban, kuma ba su saɓa ba sai a ƙananan abubuwa. Inna ta ce hanyar ta yi daɗi. Ya nuna mata inda ya taɓa fashewar taya, da rumfar da yake shan shayi, wadda yanzu ta koma shagon waya. Tana ɓare masa ƙwai tana sa masa a baki, yana cewa a bar direba ya yi aikinsa, yana kuma buɗe bakin. Sun kwana a wani masauki a gindin dutsen, washegari da hantsi suka fara hawa. Rana tas, sama wankakkiya.

Da motar ta ɗaga kai, Baba ya gyara zama. Ya sauke giya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa daga kwalta zuwa allurar zafin inji, daga allura zuwa kwalta. Suka yi ta nannaɗe dutsen. Can sai bangon dutse ya yanke ta ɓangaren Inna, haske ya shigo motar.

"Direba, nan ne? Tsaya."

"Ba a tsayawa a hawa."

"Ga fili nan a gefe, har da wata mota a tsaye."

"Na sama ya fi wannan. Sai mun kai."

Ta ce ta juyar da kanta gaba ɗaya, tana neman kwarin da ɗan ganin da ya rage mata, kamar mai neman maɓalli a ƙarƙashin gado. Kafin ta daidaita ido, dutse ya sake rufewa. Shi kuwa ya ce min bai ma san ya faɗi maganar ba. Ƙafarsa ce ta ƙi barin totur, bakinsa ya bi ƙafar. Motar da ba ta ɗauke da komai sai tsofaffi biyu da filas, ya hau da ita kamar mai jan buhunan siminti.

Suna dab da kaiwa sama gajimare ya sauko musu. A inda suke ba sama yake tsayawa ba, kan hanya yake kwanciya. Baba ya kunna fitilu da rana tsaka. Da suka isa filin da ake tsayawa kallo, ya riƙo hannunta har bakin ƙarfen da aka gitta. Fari fat, ko ƙarshen hannunka da ƙyar kake gani.

"Idona ne, ko haka wurin yake?" ta tambaye shi.

"Haka yake. Ni ma ba na ganin komai."

"To alhamdulillahi. Yau dai mun zo ɗaya."

Mai masaukin da suka sauka a saman ya ce musu lokacin ruwa ne ya kama, in ya fara haka yakan daɗe, safiyar nan ma sa'a aka yi. Suka zauna jira. Kullum da safe Baba zai fita ya duba sama ya dawo ya ce anjima zai washe. Inna na cikin bargo tana shan shayi, tana sauraron ɗigar ruwa daga kwano. Ba ta taɓa tada maganar kwanar ba, kuma ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Da maganin ɗigarta ya kusa ƙarewa, dole suka kamo hanya.

A gangara ya yi abin da bai taɓa yi ba tunda ya fara tuƙi. Da suka zo kwanar ya ratse gefe, ya kashe mota, ya ja birkin hannu, ya fito cikin yayyafi ya ɗauko waigi ya cusa ƙarƙashin taya. Sannan ya buɗe mata ƙofa. Suka tsaya a bakin kwarin. Nan ma gajimaren ne, cike har baki kamar an zuba auduga.

"Ba komai," ta ce. "Kai da ka san wurin, faɗa min. Kogin ta wane gefe yake?"

Ya san yawan lanƙwasar hanyar, ya san inda kwalta ta tsage, ya san giyar da ake shan kwanar da ita. Kwarin kuwa bai taɓa juya kai ya kalla ba. Abin da ya yi shekaru yana ba ta labari, wulƙawar haske ce ta gefen ido, sauran kuma daga bakin waɗanda ya ɗauka a mota ya ji, su da ke da damar leƙawa.

"Ban sani ba," ya ce.

"Duk shekarun nan?"

"Hanya nake kallo."

Ta lalubo hannun rigarsa ta riƙe.

"To ni na fi ka. Ranar da muka hau na ga wani abu kaɗan. Kore ne, amma ba iri ɗaya ba, kamar ragowar yadi da aka harhaɗa. Da wani farin zare ya ratsa ta hagu. Ina jin shi ne kogin naka."

Ita ta ce ta ji fuskarsa a jiƙe, amma wai ruwan sama ne.

Sun dawo gida muna ta tambaya, ya dutse, ya hanya. Inna ta ce sanyi kamar ya kashe ta, kuma ubanmu har yanzu bai iya tuƙa ƙaramar mota ba. Baba ya miƙa wa Yaya makulli, ya ɗauki waiginsa ya shige ɗaki. Ya sa rai za su koma idan ruwa ya ɗauke. Kafin ruwa ya ɗauke, kafar allurar ta rufe. Wata safiya ta tambaye ni me ya sa ban buɗe labule ba, ga shi kuwa rana har kan gadonta.

Daga nan Baba ya koma shi ne idonta. Shi ke jera mata takalmi, shi ke gaya mata inda kofi yake. Layinmu yana da ɗan tudu kafin a kai titi, kuma idan zai kai ta asibiti sai ya tsaya a tsakiyar tudun ya ce ta huta, ko ba ta gaji ba.

Da rani ya shigo, wata rana ya ce zai je gaida wani tsohon abokin aiki. Motar haya ya shiga, don gwiwarsa ba ta ƙara yarda da taka kulocin mota ba. Sai da ya dawo muka san inda ya je. Ya ce da suka kusa kwanar ya taɓa kafaɗar direban ya roƙe shi ya sauke shi. Direban ko waiwaye bai yi ba.

"Haba Baba, da lodin nan? Ai ba a tsayawa a hawa."

Bai yi musu ba. Ya bari aka kai shi sama, ya sauko da ƙafa yana dafa ƙarfen gefen hanya, har kwanar. Ya zauna a kan wani dutse ya yi ta kallo har rana ta karkata.

Ina ɗakin lokacin da ya shigo, ƙafafunsa a kumbure, ya zauna bakin gadonta ko takalmi bai cire ba. Ya fara faɗa mata a hankali, kamar ɗalibi mai tsoron mantuwa. Gonaki kashi-kashi, wasu kore, wasu sun fara ja. Wani gari mai jan rufi. Hayaƙi daga gida ɗaya kacal. Shanu ƙanana kamar ƙwayar tsakuwa. Tsuntsaye suna shawagi a ƙasa da inda yake zaune, yana ganin bayansu.

"Kogin fa?"

"Ta hagu yake, kamar yadda kika ce."

"Ai na faɗa maka." Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. "Direba, ka tsaya ke nan?"

"Na tsaya."

"Motar ba ta koma da baya ba?"

Ta lalubo gwiwarsa mai ciwon ta ɗora hannu, ta ce in kawo masa ruwan zafi.

Inna ta rasu kafin wani lokacin ruwan ya zagayo. Har kusa da ƙarshe, idan baƙi suka zo dubiya, takan ba su labarin kwarin, da jan rufin da hayaƙin da tsuntsayen, ba ta cewa ji ta yi, su ma ba sa tambaya. Baba yana zaune a bakin ƙofa yana saurare. Kekenta na nan bakin taga da zanensa. A gareji har yau idan tsofaffin direbobi suka gan ni sukan ce in gaida Sai-Mun-Kai, nakan ce zai ji, amma na daina isar da saƙon da wannan suna.