Malam Hashimu, wanda bai ga ƙarshen wasansa ba

Idan aka tashi makaranta, malamai suka hau baburansu, Malam Hashimu ne kaɗai ke komawa aji. Ya ture bencina gefe, ya ɗauko ganga, ya zauna jiran yara. Wata rana su zo, wata rana sai shi da awakin da ke leƙowa ta ƙofa. Haka ya yi shekaru a wata sakandare cikin ƙasar Maradun, yana haɗa wasan kwaikwayo na waƙa a kan manoman da suka yi tsayin daka, suka ƙi barin gonakinsu lokacin aikin madatsar Bakolori, har aka rasa rayuka.

Waƙoƙin duk nasa ne. Ya bi tsofaffi har Bakura yana tambaya, yawancinsu suka ce a bar tone-tone. Ga kuma 'yan wasan: da sun iya baitoci sai su gama makaranta su watse, ya sake sabon lale. Ni da nake koyarwa a ajin da ke jikin nasa, na sha jin sa yana ba da waƙa yana yi wa kansa amshi, abin ya ba ni tausayi.

Da ritaya ta matso ya ce sai an nuna wasan nan ko sau ɗaya ne. Ya ɗaura lasifika a babur ya shiga kasuwar Talata Mafara. Mutane suka kewaye shi, sun zaci mai magani ne, har wani ya ce, "Malam, akwai na basir?" Da suka ji wasa ne suka watse, suka bar shi yana rera wa buhunan albasa waƙa.

Sai ga wata matsala. A ƙarshen wasan ana ɗaukar gawar manomi a ratsa fili da ita. Uban Isma'ila, yaron da aka zaɓa ya fito a matsayin gawar, ya zo har makaranta.

"Malam, ɗana ba shi kwantawa makara da rai nai. Nemi wani."

Ya nema bai samu ba, sai ya kwanta da kansa, aka lulluɓe shi. Ranar nunin, bayan la'asar, mutane ba su da yawa. Wasa ya ƙare, ba wanda ya tafa. Da aka sauke shi bayan aji ya ce mini, "Jibrin, ban ji tafi ba. Tashi sunka yi ko?" Na faɗa masa abin da ya faru, ya ce lallashi ne kawai.

To Malam, bari in maimaita a gaban jama'a. Kai ne ba ka gani ba, kana ƙarƙashin mayafi. Da aka ɗaga ka, tsofaffin nan da suka ƙi ba ka labari suka miƙe tsaye. Wani dattijo daga garin Kaya ya jefar da sandarsa, ya ture ɗalibi, ya sa kafaɗarsa a makarar yana kuka. Sauran suka bi bayanka suna salati. Ba a yi wa jana'iza tafi.

Mun gode, ɗan halas, mai koyarwa da ganga. Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma malamai matasa, kowane gari yana da labarin da ya danne, ku nemo shi kamar yadda ya nemo.

Daga baya na tambayi dattijon dalili. Ya ce, "Wancan karon ba mu samu ɗaukar gawar ƙanena ba."