Furfura, Mai Bulon Toka

Kullum da sassafe, kafin in ɗora ruwan zafi, sai in ji ƙarar baronsa ta bayan tagata. Furfura ke nan, ya nufi bayan tashar wutar lantarki inda ake juye tokar kwal. Tun yana da baƙin gashi sunan ya bi shi, don fari fat yake dawowa gida.

Ku yaran yanzu ba ku san tsibin tokar nan ba. Ya fi rufin makaranta tsawo. Iska na tasowa sai mu kwashe shanya, mu rufe ruwan sha, yara su yi ta tari. Mu mata kuwa mun ɗauka irin tokar murhu ce, muna ɗiba muna wanke tukwane. Shi ya tare ni a hanya da kwanona.

"Iya, wannan ba ta itace ba ce. Dubi hannunki."

Na duba, duk ya tsattsage. Na ce, "To kai da kake wanka da ita fa?"

"Ni ai na riga na gasu," in ji shi, yana dariya.

Sai ya jiƙa tokar tukuna don kada ta tashi, ya gauraya ta da yashi da ɗan siminti, ya buga bulo, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu har mako huɗu. Ko da kuka ka zo, ba zai ba ka ɗanyen bulo ba. Magina suka yi ta masa tsiya, wai ruwan farko zai narkar da ginin. Ɗakinsa ya gina da shi, ya sa iyalinsa ciki. Damina ashirin da uku ke nan, ɗakin na tsaye, masu tsiyar kuma a wurinsa suke saye.

Tsibin ya yi ta raguwa har muka hango titin da ke bayansa. Jikokina ba su san tarin da iyayensu suka sha ba.

Kai ne ka shaƙe mana ƙurar tokar nan, Furfura. Da tsumma ɗaya a hanci ka tare abin da ya nufo ƙirjin 'ya'yanmu.

Wata biyu ke nan ban ji baron ba. Likita ya ce huhun ya gaji. Da na je dubiya, numfashinsa kamar ana busa usur. Ya riƙe gefen mayafina.

"Iya, ana jiƙa tokar kuwa?"

Allah ya yafe mini, na ce ana jiƙawa. Alhali motocin tashar ba su fasa juyewa ba, kuma ba wanda ya ɗauki shebur ɗinsa.

Mun gode, bawan Allah. Ubangiji ya sassauta maka wannan ƙirji.

Ku kuma masu sauran ƙarfi, injin bulonsa na nan, mabuɗin yana rataye a ƙusa bayan ƙofarsa. Ya ce duk mai so ya zo ya koya, amma da takunkumin kirki, ba tsumma ba. Ku hanzarta tun yana iya magana. Yau da safe na shafa bakin tagata, yatsana ya fito fari.